AL-MA'UN: HAƘƘIN MAƘWABCI A CIKIN KAYAN DA MUKA DAINA AMFANI DA SU

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu dukiya a matsayin amana, kuma zai tambaye mu ta inda muka same ta da inda muka kai ta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da nake son mu tattauna a wannan wata abu ne da mutane da yawa ba su ɗauke shi mas'alar addini ba, wato tsofaffin kayan gida waɗanda muka daina amfani da su, muka jibge su a sito da ƙarƙashin gado da saman sif, ba mu mora ba, ba mu bar wani ya mora ba. Ra'ayina shi ne, barin waɗannan kaya su lalace a hannunmu alhali maƙwabci yana cikin buƙatarsu tozarta dukiya ne, kuma hana taimakon da Alƙur'ani ya zargi masu hana shi ne. Gyaran wannan al'amari kuwa ba ya jiran gwamnati, yana hannun jama'ar kowane masallaci.

Dalilin wannan rubutu shi ne wani abu da na gani da idona. Na raka 'yan agaji zuwa wani kango a gefen garin Gusau inda wasu 'yan gudun hijira suka fake. Muka tarar da iyali uku suna girki bi da bi a tukunya ɗaya, sai wannan ta sauke sa'an nan waccan ta ɗora, har yaran ta ƙarshe suka yi barci ba su ci ba. A cikin makon nan kuma aka kira ni in taya wani ɗan'uwa kwashe kaya domin zai gyara rufin sitonsa. Muka fito da tukwane guda shida da tsatsa ta fara ci, da katifa biyu da ɓera ya yi gida a ciki, da tabarmi da gara ta cinye, da risho, da keken ɗinki wanda rabonsa da aiki tun rasuwar mai shi. Tsakanin wannan sito da wancan kango bai kai tafiyar rabin sa'a da ƙafa ba. Mai gidan nan ba marowaci ba ne, yana fitar da zakka, yana ciyarwa da azumi. Abin da ya faru kawai shi ne bai taɓa jin an ce masa akwai haƙƙi a cikin tsohuwar tukunya ba.

MATSAYIN SHARI'A

Idan aka ambaci almubazzaranci, hankalinmu yakan tafi ga mai watsa kuɗi a wurin biki. Haka ne, kuma Allah Ya yi hani da shi a Suratul Isra'i aya ta 26 da ta 27, inda Ya danganta masu yin sa da shaiɗanu, Ya kuma hana wuce iyaka a Suratul A'araf aya ta 31. Amma malamai sun faɗaɗa ma'anar tozarta dukiya, wadda hadisin Mugira ɗan Shu'uba (R.A.) a cikin Buhari da Muslim ya lissafa cikin abubuwan da Allah Ya ƙi mana, har ta haɗa da sakaci da abin da ke hannu ya lalace. Wanda ya bar hatsinsa ruwa ya doke shi da gangan ya tozarta dukiya. To mene ne bambancinsa da wanda ya bar katifa ta ruɓe a sito?

Sa'an nan mu dubi Suratul Ma'un, wadda yaranmu suke haddacewa tun suna aji ɗaya a Islamiyya. Surar ta rufe da zargin masu riya waɗanda suke hana al-ma'un. Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) ya bayyana, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, cewa a zamanin Manzon Allah (S.A.W.) sun kasance suna ɗaukar aron guga da tukunya a matsayin al-ma'un. Wasu magabata sun fassara kalmar da zakka, wasu kuma da gatari da makamantansa na abin da maƙwabta suke ara wa juna. Mafi yawan malaman fiƙihu suna ganin ba da aro mustahabbi ne, amma wasu, ciki har da Shaihul Islam Ibn Taimiyya, sun tafi a kan cewa yana zama wajibi idan mai abin ya wadatu ga barinsa. Ko da mun ɗauki ra'ayi mafi sauƙi, ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tunani: idan an zargi wanda ya hana aron tukunyar da yake girki da ita, yaya matsayin wanda ya hana wadda ya shekara biyar bai taɓa ba?

Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri (R.A.) cewa a wata tafiya Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci mai rarar abin hawa da mai rarar guzuri su ba wanda ba shi da shi, ya yi ta lissafa nau'o'in dukiya har sahabbai suka ga kamar babu wanda yake da haƙƙi a cikin abin da ya yi masa rara. Gaskiya ne kayan amfanin gida babu zakka a cikinsu, amma rashin zakka bai nufin rashin hisabi.

Game da gyara da sake amfani kuwa, Sunna cike take da misalai. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa da hannunsa. Anas (R.A.) ya ruwaito cewa da ƙoƙon shansa ya tsage, ɗaure shi aka yi aka ci gaba da sha da shi. Da ya wuce wata tunkiya da ta mutu mushe, sai ya nuna cewa da ma an fiɗe fatarta an jeme an amfana da ita, domin cin naman ne aka haramta. Sayyidina Abubakar (R.A.) da ajalinsa ya kusato, ya yi wasiyya a wanke tufar da ke jikinsa a haɗa a cikin likkafaninsa, bisa hujjar cewa mai rai ya fi mamaci buƙatar sabo. Buhari kuma ya ƙulla babi a kan aro domin amarya, inda ya kawo cewa Nana A'isha tana da wata riga wadda matan Madina suke aikowa a ara musu idan za a yi wa amarya ado. Riga ɗaya, amare da yawa, a garin da ya fi kowane gari albarka a wancan zamani.

ABIN DA MUKA GADA, DA ABIN DA MUKA SAKI

Iyayenmu a ƙasar Zamfara ba su san kalmomin da masana tattalin arziki suke amfani da su yau ba, amma sun san aikin. Idan ƙwarya ta fashe akwai gyartai. Idan fartanya ta cinye, maƙeri ya mai da ita wuƙa ko ƙusa. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal, tsohon tufafi ya zama tsumman goyo ko matashin jaki, robar cikin taya ta zama guga. Rigar wa ta koma jikin ƙane, ana ce mata kwance, ba wanda yake jin kunyarta. Dillaliya tana shiga gida gida da tasa da zane da ƙwalla, mai son sayarwa ta sayar cikin sirri, mai son saye ta saya da rahusa, kuɗin kuma ba su bar unguwar ba. Abin da ya rage na shara da toka da kashin dabbobi ya taru a juji, kafin damina a kwashe shi a mangala zuwa gona, ya dawo gida a matsayin dawa da gero. Manoman Tsafe da Bungudu har yau sun san darajar wannan taki, musamman da takin zamani ya yi tsada.

Abubuwa biyu suka warware wannan tsari. Na farko shigowar kayan roba da leda masu araha, waɗanda ba sa ruɓewa. Jujin da a dā yake abincin gona ya cika da leda, magudanun ruwa suka toshe, mahauta suna tsintar leda a tumbin akuya. Na biyu gasar kayan ɗaki. Uba yakan ci bashi ko ya sayar da gona domin ya jera wa 'yarsa kuloli da tangaran da ba za ta taɓa zuba abinci a cikin rabinsu ba, don kawai kada dangin miji su raina. Bayan shekara kaɗan yayi ya wuce, a tura su sito, a sayo wasu.

Abin mamaki, ƙasashen da muka kwaikwayi wannan ɗabi'a daga gare su sun fara komawa inda muka baro. Suna kiran abin tattalin arziki mai kewayawa, ma'ana kada kaya ya tafi kai tsaye daga masana'anta zuwa juji, a yi ta juya shi tsakanin mutane ta hanyar gyara da aro da sake sayarwa. A birnin Amstadam na ƙasar Holan aka fara buɗe wurin da mutane suke taruwa a gyara musu kayan gida kyauta a shekarar 2009. A ƙasar Suwidin an buɗe wata babbar cibiyar kasuwanci a 2015 wadda kayan da aka gyara aka sake fito da su take sayarwa. Faransa ta kafa doka a 2020 da ta hana kamfanoni lalata kayan da ba su sayar ba. Su suna yi ne domin tsoron gurɓatar muhalli, kuma dalili ne mai kyau. Mu kuwa muna da wannan dalilin, muna kuma da umarnin Ubangiji da haƙƙin maƙwabci a kansa.

Halin da jiharmu take ciki ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna tarwatsa ƙauyuka, tun irin harin da aka kai Kizara ta ƙaramar hukumar Tsafe a 2013. Wanda ya tsere da dare ba ya ɗaukar turmi ko tabarma, da rigar jikinsa yake isowa Gusau ko Tsafe ko Bungudu. Sa'an nan bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 34 cikin 100 a shekarar 2024. Bokiti da katifa da tukunya sun fi ƙarfin mutane da yawa waɗanda a dā suke saye ba tare da tunani ba.

ABUBUWAN DA SUKE HANA MU

Na farko shi ne "wata rana zai yi amfani". Wannan magana ce da gara da tsatsa suke jin daɗinta. Ma'auni mai sauƙi shi ne, duk abin da damina biyu ta wuce ba ka neme shi ba, to ba ajiya kake yi ba, tsare shi kake yi.

Na biyu girman kai ne ta ɓangaren mai karɓa da mai kallo. Ana cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma gaskiya ne Musulunci yana son mutum ya dogara da guminsa. Amma Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya ari sulke daga Safwan ɗan Umayya lokacin yaƙin Hunainu a shekara ta 8 bayan hijira. Kuma abin dariya ne mutumin da yake ƙyamar rigar maƙwabcinsa Musulmi wanda ya san tsabtarsa, ya je kasuwa ya tsuguna yana zaɓen gwanjon da ya ƙetaro teku daga jikin wanda bai sani ba.

Na uku, wanda ya fi muni, shi ne camfi. Akwai matan da suka gwammace su ƙone tsohon zane ko su jefa shi a masai da su ba mabukaciya, wai kada a kai wa boka a yi musu sammu da shi. Ba mu musun samuwar sihiri, amma babu mai cutar da bawa sai da izinin Allah, kuma kariyar da aka koya mana ita ce tauhidi da azkar na safe da maraice, ba munana zato ga talakawa da ƙona dukiya ba. Wannan wuri ne da malamanmu mata a makarantun matan aure ya kamata su tsaya a kai sosai.

Wani zai ce ai ga 'yan jari-bola suna zagayawa suna saye. Sana'arsu halal ce matuƙar an tsare ta daga kayan sata, kuma suna rage mana shara. Amma su da kilo suke saye. Keken ɗinkin da zai ciyar da marayu idan an sa masa mai an canza masa bel, a wurinsu ƙarfe ne da za a farfasa a loda a mota a kai wata jiha a narkar. Tsarin da ya dace shi ne, abin da yake aiki a ba mai buƙata, abin da ya lalace a gyara shi, sai wanda ya gagari gyara a sayar wa mai awo.

SHAWARA GA RASSANMU

A kusan kowane masallacinmu akwai makara da diga da shebur a ajiye, na kowa da kowa, ba wanda yake jin kunyar ɗauka, ba wanda yake riƙewa bayan an gama. Ke nan mun riga mun iya wannan tsari, sai dai mun keɓe shi ga matattu. Abin da nake kira gare shi shi ne mu faɗaɗa shi ga masu rai.

Kowane reshe ya ware ɗaki ɗaya kusa da masallaci ko makaranta, a naɗa amintattu uku, a ba su littafin shiga da fita. Kayan da za a tara su kasu kashi biyu. Akwai na bayarwa gaba ɗaya, kamar tukwane da tabarmi da tufafi da littattafan makaranta, ga 'yan gudun hijira da marayu da wanda gobara ko ambaliya ta shafa da amaryar da iyayenta ba su da hali. Akwai kuma na aro, kamar baro da tsani da manyan tukwanen taro da keken guragu da sandunan majinyata, waɗanda mutum yake buƙata na ɗan lokaci. Wannan kashi na biyu a mai da shi waƙafi, domin a mazhabar Imam Malik ya halatta a yi waƙafin abin da ake iya ɗauka, ba sai gida ko gona ba. Musulmi sun daɗe da sanin irin wannan. Ibn Baɗuɗa, wanda ya shiga Dimashƙa a 1326, ya ba da labarin wani yaro da kwanon tangaran ya suɓuce masa ya fashe, aka tura shi wurin mai kula da waƙafin kwanuka, aka biya shi kuɗin sabo. Jiharmu, wadda ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma babu laifi rassa su nemi shawararta wajen rubuta waƙafin yadda ba zai salwanta ba.

'Yan agaji su riƙa zagayawa sau ɗaya a wata da amalanke, mata kuma su karɓo daga mata. A ware wani abu daga asusun reshe a biya teloli da kafintoci da masu walda da masu liƙin roba na cikinmu su gyara abin da ya samu matsala, a sa matasa su koya a gefensu. Rassan cikin Gusau, inda kaya suka fi yawa, su riƙa aika rararsu ga 'yan'uwa na Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi gwargwadon buƙatar da suka rubuto.

SHARUƊƊAN DA ZA A KIYAYE

Na ɗaya, kada mutum ya ba da abin da ba nasa ba. Kayan ɗakin mace mallakarta ne, miji ba shi da ikon kyautar da cokali ɗaya sai da yardarta. Kayan mamaci kuwa, har rigar da ya rasu da ita, na magada ne. Al'adar rarraba tufafinsa da sunan sadaka kafin rabon gado kuskure ce, musamman idan akwai marayu ƙanana.

Na biyu, kada a mai da ɗakin nan juji. Suratul Baƙara aya ta 267 ta hana mu nufin mummunan abu mu bayar, irin wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Tsoho daban, lalatacce daban. A wanke, a shanya, a ninke kafin a kawo.

Na uku, ba kowane sake amfani ne alheri ba. Mu mutanen Zamfara mun ga abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aka riƙa daka da niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Saboda haka jarkar maganin feshi ba ta zama ta ruwan sha ko ta man gyaɗa komai wankin da aka yi mata, tsohon batirin mota ba a fasa shi a tsakar gida, ragowar magani ba a kyautar da shi. Shari'a ta hana cuta da cutarwa.

Na huɗu, wanda zai sayar da tsohon kaya ya bayyana aibinsa, domin ɓoye shi algus ne. Wanda ya ara kuma ya mayar a kan lokaci. A fiƙihun Malikiyya, mai aron abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi da kwanuka, shi ke da lamunin biya idan ya ce ya ɓata, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Iyaye kuma su sa ido, mai awo ya ji tsoron Allah, kada a sayi tukunyar uwa daga hannun yaro.

Na biyar, a tsare mutuncin mai karɓa. Kada a tara mabukata a layi ana ɗaukar hotonsu ana watsawa a Facebook, domin gori yana ɓata sadaka. A kai musu da dare idan ya yiwu. Takardun da ke ɗauke da ayoyi da sunayen Allah kuma ba sa shiga cikin na ƙunshin ƙosai. Mus'hafin da zai gyaru a ɗinke shi a kai makaranta, wanda ya ƙare a ƙone shi ko a binne shi a wuri mai tsarki cikin girmamawa.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ban nemi ka fitar da ko naira ɗaya ba. Ina roƙonka ne idan ka koma gida yau ka karɓi mabuɗin sito, ka zauna da iyalinka, ku fito da abin da ke ciki ku dube shi ɗaya bayan ɗaya, ku tambayi kanku wa kuka sani a unguwar nan da zai kwana da farin ciki saboda wannan. Shugabannin rassa kuma su sa wannan magana a cikin ajandar taronsu na wata mai zuwa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya mayar da 'yan'uwanmu gidajensu cikin aminci, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya tsare mu daga rowa da almubazzaranci, Ya sa abin da Ya ba mu ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba.